Maigidana ya ce tana ce, unguwa ta ce tsutsa ce

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 11 da aure, 'ya'yanmu uku, muna zaune a wata unguwa a gefen Zariya. Maigidana malamin firamare ne, yana da ɗan lambu a fadama inda yake noman tumatir da latas da alayyafo. Ni kuma awara nake soyawa a gida safe da yamma, yaran unguwa suna shigowa saye, da ita nake yi wa kaina da yara ƙananan hidimomi.

Bara ya je wata bita ta manoma, ya dawo da kwano cike da tsutsotsi. Ya yanka duro biyu suka zama rabi huɗu, ya zuba busasshen kashin shanu da ganye, ya jera su a bayan madafa, wai taki za su yi masa tunda buhun na zamani ya fi ƙarfinmu. Bai yi shawara da ni ba, ganinsu kawai na yi, na kuma yi shiru. Da damina ta sauka, wata rana aka kwana ana ruwa, da asuba na fito alwala na tarar da su baje a tsakar gida, wasu har bakin murhu. Kafin in gama sharewa wata yarinyar maƙwabta ta shigo da kwanonta ta gani. Yanzu gidan tsutsa ake ce wa gidanmu. Cinikina ya ragu fiye da rabi. Babbar 'yata mai shekara 9 ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai ana kiranta 'yar mai tsutsa. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce ba za ta ƙara salla a tsakar gidanmu ba, kuma wai kurkunu da tsutsar ciki zai jawo wa jikokinta.

Duk lokacin da na tayar da maganar sai ya yi dariya ya ce "ba tsutsa ba ce, tana ce," wai rashin sani ne ke damunmu. Anti, wallahi mutumin kirki ne, bai taɓa barinmu da yunwa ba, amma wannan dariyar tana ci min rai. Wata ƙawata ta ce in watsa musu gishiri idan ya tafi makaranta, in ce da kansu suka mutu. Wata zuciyar kuma ta ce in tafi gida, sai ya zaɓa tsakanina da su. Don Allah akwai wani bambanci na gaske tsakanin tana da tsutsa, ko wasa yake yi min da hankali? Kuma yaya zan yi?

Uwar 'ya'ya uku, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki. Karon farko na yi murmushi wajen "tana ce," karo na biyu da na tsaya a kan kukan yarinyar nan, murmushin ya tafi.

Bari in fara da gishirin, don shi ne nake tsoron ki ɗauko kafin ki gama karanta amsata. Mayar da shi cikin gwangwaninsa. Zai kashe su kam, domin da fatarsu suke numfashi kuma gishiri yana zuƙe ruwan jikinsu, amma mutumin da ya yi watanni yana leƙa duro safe da yamma ba zai kasa bambance mutuwar Allah da mutuwar gishiri ba. Ranar da ya gane, maganar ta tashi daga kan tana ta koma kan amana, ke da kike da gaskiya a hannu sai ki wayi gari ke ce mai ba da haƙuri. Yajin ma ki ajiye shi. Kina ganin za ki iya zama gaban Baba ki ce tana ce ta koro ki daga ɗakinki? Unguwar da ta raɗa wa gidanku suna a kan abin da yarinya guda ta gani da asuba, me kike zato za ta yi da wannan labarin?

Yanzu tambayarki. E, akwai bambanci, kuma ba maigidanki ne ya ƙirƙiro shi ba, cikin Hausar da kika tashi da ita yake. Tsutsa kalma ce mai faɗin ciki. Duk wani abu mai laushi marar ƙashi da ke jan jiki, Bahaushe yana iya kiransa da ita: ta naman da ya kwana, wadda ƙuda ya yi ƙwanta, da ta cikin mangwaro, da wadda ke cinye zuciyar masara a gona, da ta masai, da ta cikin yaro. Ki lura, kusan duk inda kalmar ta faɗo, ruɓa ce ko ɓarna ko cuta ke biye da ita. Abin da ya karya cinikinki ke nan cikin 'yan kwanaki. Wanda ya ji an ce tsutsa a gidan da ake suyar abinci, zuciyarsa za ta tashi tun kafin ya tambayi wace iri.

Amma waɗanda Bahaushe ya zauna da su ya san halinsu, ya ware su ya ba kowace sunanta. Akwai gwazarma, ƙatuwar nan fara mai kaurin babban yatsa, mai jan kai da 'yan ƙafafu ta gaba, wadda ake tonowa a juji ko a turken dabbobi ta lanƙwashe kamar lauje, kaji suna rububinta. Ita jaririyar ƙwaro ce, in ta cika kwanakinta sai ta rikiɗe ta yi fiffike. Akwai matsattsaku na cikin ruwa mai shan jini. Akwai kurkunu, zan dawo kansa saboda Hajiya. Sannan akwai tana, doguwa, ja-ja ko ruwan ƙasa, jikinta zobe-zobe, ba ƙafa, ba ido, ba haƙori, mai haƙa rami a cikin ƙasa mai danshi. A baki ana jan wasalinta na farko, shi ya sa kunne ba ya rikita ta da "tana zuwa, tana tafiya," sai a rubutun boko ne suke zama tagwaye, in aka rubuta "tana tana cin ƙasa" mai karatu sai ya koma baya ya sake. Ita ba ta rikiɗa ta zama ƙuda ko ƙwaro. Tana ce tun daga ƙwai har mutuwa, ba ta cizo, ba ta harbi, kuma abincinta ruɓaɓɓen ganye ne da tsohon kashin dabbobi da ƙasa.

Na tabbata kin santa tun kina yarinya, sunan ne kawai ya kwanta miki. Ni dai ina tuna yayyena maza in damina ta yi tsakiya, sai su nufi bakin rafi da gwangwanin madara da ɗan guntun ƙarfe, su tona inda ƙasa ta yi baƙi, su zaro ta a hankali don kada ta tsinke, su zuba mata ɗan laka a gwangwanin, su soka ta a ƙugiya su yi fatsa. Tarwaɗar da suka kamo da ita mu muka fi kowa ci, ba wanda ya taɓa cewa a wanke tukunya sau bakwai. In kuma kin taɓa bi ta fadama da sassafe kika ga 'yan tulin ƙasa a tsaye, a murɗe kamar taliyar da aka matso daga inji, to kashinta ne. Tsofaffin masu lambu sun san inda waɗannan suka yi yawa ƙasar tana da rai, ruwa yana shiga ta ramukan, saiwa tana samun hanya. Wannan kashin shi ne takin da maigidanki yake nema, ya dai tara masu yin sa ne wuri guda yana ba su abinci.

Ki ma gode wa Allah da irin tamu ya kawo miki. A yankin Gippsland na ƙasar Ostireliya akwai tana mai tsawon mita guda, wasu har su kusa mita 3, hukuma ce ma take kare ta don kada ta ƙare. Wadda ake yawan kiwatawa a ƙasashe masu zafi ba ta cika wuce taƙi guda ba, masana suna kiranta Eudrilus eugeniae, kuma asalinta 'yar Afirka ta Yamma ce. Daga nan aka ɗauke ta aka kai Amurka da Indiya da sauran wurare, ana sayar da ita don taki da fatsa.

To a kalma maigidanki ya yi gaskiya. Kuma ina so ki ga abin ta idonsa na ɗan lokaci, don zai taimake ki wajen magana da shi. Malamin firamare mai 'ya'ya uku, ga mahaifiya, ga lambun da ba ya bayarwa sai an ba shi, ga takin zamani da ya yi tashin gwauron zabo tun daga 2022. Wani zai zauna a majalisa ya yi ta zagin gwamnati, shi kuwa ya je ya koyo dabara. Dabarar kuma ba ta mahaukata ba ce. Ƙasar Kyuba, da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 takin da take samu daga can ya yanke, kiwon tana yana cikin abubuwan da ta rungume don gonakinta kada su mutu. A Indiya ƙungiyoyin mata na karkara suna yin sa suna sayarwa a buhu. Mu ma nan kakanninmu a kewayen Kano da jakuna da mangala suke shiga birni su kwaso juji su kai gona, ba wanda ya ce musu ƙazamai, da wannan jujin aka yi ta noma gonaki ɗaya shekara da shekaru ba su gaji ba. Ina kuma zargin dariyar nan tasa ba duka ce ta raini ba. Namiji in ya sa ransa a abu, ya ga gida da waje an haɗu ana ƙyamarsa, sau da yawa dariya yake fakewa da ita.

Amma gaskiyar kalma ba ta wanke shi ba, kuma zan faɗa ƙarara ko da shi za ki miƙa wa wayar ya karanta. Malam, ka yi kuskure uku. Ka shigo da abu cikin gidan da mace take wuni ba ka tambaye ta ba. Ka rasa inda za ka ajiye kashin shanu sai bayan madafar mai sayar da abinci. Sannan da ta zo maka da asarar ciniki da hawayen 'yarka, sai ka ba ta darasin Hausa. Yaron da ya fasa sayen awarar hamsin ba ƙamus ya buɗa ba. Ita ma sana'arta sana'a ce, ta kuma riga taka zuwa gidan, kuma kuɗin da ta rasa a watannin nan in aka lissafa, wa ya sani ko ya kai na buhun takin da ake gudu? Ke ma ƙanwata da ɗan naki: shirun da kika yi ran farko shi ya ɗauka a matsayin yarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kika san yadda masu saye suke kallon tsakar gida, da kin faɗa tun ranar, wataƙila da durorin ba su kwana a wurin ba.

Hajiya kuwa kada ki yarda a mayar da ita abin dariya, ko a bakinsa. Wadda ta kai shekarunta ta ga kurkunu da idonta. Ta ga ƙato ya kwanta tsakiyar damina ƙafa a kumbure, ana naɗe farin zare mai rai a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, makonni ana abu ɗaya, gona tana can ciyawa ta cinye. A ƙidayar 1988 an samu mutum sama da 650,000 ɗauke da shi a Najeriya. Tsoronta yana da tushe, wurin da ta ɗora shi ne ba daidai ba. Kurkunu ta ruwan sha yake shiga, ruwan kududdufi ko tafki mai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da suka haɗiye 'ya'yansa, sai bayan kamar shekara guda ya huda fata ya fito. Ba ruwansa da ƙasa, ba ruwansa da tana. An yi yaƙi da shi da matatar ruwa da rijiyoyin burtsatse, Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suna cikin waɗanda suka tsaya a kai, har aka ga na ƙarshe a Najeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba Najeriya da Nijar shaidar rabuwa da shi a 2013. A Chadi da Sudan ta Kudu da wasu 'yan ƙasashen Afirka ne har yanzu ake ɗan samunsa. Tsutsar ciki ita ma hanyarta daban: ƙwanta yana fita ne a bayan gidan mutum, ya shiga ƙasa, ya dawo ta hannun da ba a wanke ba ko ganyen da ba a wanke ba, wata irin kuma ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi. Tana ba ta rayuwa a cikin mutum.

Sai dai akwai wata 'yar gaskiya a maganar Hajiya da bai kamata a binne ta ba. Haɗarin da ke cikin duron nan daga abincin tanar yake. Kashin dabbobi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, ƙuda kuma ba ya neman izini tsakanin duro da farantin awara. In har ya taɓa zuba ragowar miya ko nama ko wani abu mai maiƙo, to ƙuda zai yi ƙwai, a samu tsutsa ta gaske, irin wadda unguwa take faɗa. Don haka sabulu bayan taɓa duro wajibi ne, kwano da cokalin wurin kada su haɗu da na madafa, kuma ko kusa kada bayan gidan mutum ko kashin kare ko na kyanwa ya shiga ciki.

Maganar salla kuma, a mazhabar Malikiyya da muke bi a nan duk mai rai mai tsarki ne, kuma kashin dabbar da ake cin namanta, kamar saniya da akuya da tunkiya, ba najasa ba ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba. Amma kada wannan ya fito daga bakinki zuwa kunnen surukarki, kada ma ya fito daga bakin ɗanta cikin wannan dariyar. A bar malamin da ta yarda da shi ya faɗa mata, in ta tambaya. Kuma ko ta ji ta ce har yanzu ranta bai kwanta ba, ba ta yi laifi ba. Ƙyama daban, haramci daban. An kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo irin na sahara, ya janye hannunsa, da aka tambaye shi ko haramun ne ya ce a'a, shi dai ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba, ransa ba ya so, Khalid bin Walid kuwa ya ja ya ci a gabansa. In an yarda wa mutum ya ƙi abin da yake halal don ransa bai karɓa ba, to Hajiya ma a yarda mata, ke ma haka. Ki shimfiɗa mata darduma a ɗaki, ki ajiye mata buta, kada ki ce komai.

Ga wani abu da zai ba ki ƙarfi wajen magana. Fitowar da suka yi ran nan alama ce cewa wurin bai yi musu ba. Tana tana son danshi irin na tsumman da aka matse, in ruwa ya cika duro iska ta ƙare, sai ta gudu. Haka in abincin ya yi tsami, ko aka zuba ɗanyen kashin kaji mai zafi, ko albasa da barkono suka yi yawa. Irin tamu ta Afirka ta Yamma ma an san ta da yawon dare in ba ta ji daɗi ba. Zafi kuma abokin gabanta ne, ta fi walwala tsakanin digiri 25 da 30, in cikin duro ya haura 35 sai mutuwa. Duron ƙarfe a jikin bangon madafa, ga wutar suya safe da yamma, ga bazarar Zariya tana tafe, ai ko ba ki zuba gishiri ba watan Afrilu zai yi aikin. Duron da yake daidai ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko yake yi. In kina jin wari, akwai gyara. Ashe ɗauke su daga wurin buƙatarki ce kuma buƙatarsa ce, ta nan za ki shiga.

Ki zaɓi dare, bayan ya ci ya sha, yara sun yi barci, ba ranar da Hajiya ta zo ba. Ki fara da kalmarsa. Ki ce, "Baban yara, ina son mu yi maganar tanarka." Kada tsutsa ta fito daga bakinki ko sau ɗaya a daren, domin da zarar kin faɗe ta kin ba shi ƙofar da ya saba fita. In kika kira ta da sunanta, dariyar ba ta da wurin zama. Ki gaya masa kin gane amfaninta, ba kuma so kike ya daina ba. Sannan ki ajiye masa lissafi, mudu nawa na waken suya kike jiƙawa a da, nawa kike jiƙawa yanzu. Malami ne, ya san lamba. Daga ƙarshe ki faɗa masa abin da aka ce wa 'yarsa, da kalmomin da aka faɗa, ki yi shiru ki bar shi da su. Ba na jin mutumin da kika siffanta zai yi dariya a nan.

Abin da za ki roƙa guda ɗaya ne, su bar kusa da madafa, kuma a sa rana. Inda ya fi dacewa shi ne lambun, tunda can takin zai ƙare, can ruwa yake, can ganye yake. Zai ce miki akwai rana da kwarkwasa da kwaɗi da ɓeraye da masu ɗauke-ɗauke, kuma gaskiyarsa ne. Maganinsu rumfar zana ko gindin mangwaro, a ɗora durorin a kan bulo, a huda gindinsu ruwa ya riƙa tsiyayewa, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ɗora murfi mai ƙananan huji, a zagaye ƙafafun da toka ko a tsoma su cikin gwangwanin ruwa saboda tururuwa. In akwai mai kwana a lambun ko maƙwabcin gona amintacce, a haɗa kai da shi a riƙa ba shi rabonsa na taki. In lambun ya gagara, to kusurwar gida mafi nisa da madafa da rijiya, a kewaye da zana ko langa-langa a yi ƙofa, yadda mai shigowa saye ba zai gani ba, kaji ma ba za su kai ba, don tana tana iya ɗauke da ƙwan wasu tsutsotsin da ke kama kaji. In duka biyun sun faskara, ya rage su zuwa rabin duro guda ya riƙe iri har a samu wuri. Ke kuma ki nuna kin shigo ciki: ɓawon kabewa, ganyen alayyafon da aka tsince, ɓawon ƙwai da aka daka, ki riƙa tara masa a roba mai murfi. Dusar awararki ma suna ci, amma kaɗan-kaɗan, in ta yi yawa tsami take yi ta ɗau zafi.

In kin yi haka sau ɗaya, sau biyu, ya ci gaba da "tana ce," to ki nemi wansa ko amininsa wanda yake jin nauyi, ki gaya masa a natse. Kada Hajiya ta zama makaminki. In uwa ta ba da umarni zai bi, amma zai riƙe a ransa cewa ke kika kai shi ƙara.

Yarinyar fa, kada a jira sai an gama da manya. Ki zaunar da ita ki gaya mata babanta ba abin kunya yake yi ba. Mafi kyau ma shi ya tafi da ita lambu ranar Asabar, ya nuna mata latas ɗin da aka sa wa takin da wanda ba a sa wa ba, ya ɗora mata guda a tafin hannu in ta yarda, ta ji sanyinta, ta ga ba ta cizo. Yaron da ya san abu ya fi wanda ake lallashi jure tsokana. Ki koya mata amsa gajera wadda ba zagi a ciki, "babana taki yake yi, naku me yake yi?" ta faɗa ta wuce. Ki kuma je ki ga malamar Islamiyyar a keɓe, ba don a daki kowa ba, don ta ja kunnen ajin a kan kiran mutum da sunan da ba ya so, wannan ai a cikin Suratul Hujurati yake, darasinsu ne.

Cinikin zai dawo, amma sai kin fito da shi inda ido zai gani. Na ɗan wani lokaci ki mayar da suyar zaure ko ƙofar gida, ki sa awarar a roba fara mai murfi, ki ajiye ruwa da sabulu a gefe. Mahaifiyar yarinyar da ta fara gani, ki aika mata da awara mai zafi, in kin samu hali ki ja ta ta shigo ta ga bayan madafa fes. Bakin da ya yaɗa waccan maganar shi ne zai fi saurin yaɗa wannan. Sunan gidan kuwa kada ki yi faɗa da shi, laƙabi in aka nuna yana ciwo sai ya ƙara kama. In wata ta tsokane ki, ki ce "gidan mai taki dai, in kina da shuka ki kawo roba." Matan da ke da zogale da rama a bayan ɗaki sun fi ki yawa a unguwar nan, kuma takin tana ba ya ƙona shuka yadda ɗanyen kashin kaji yake yi.

Ranar kwashewa ki ce masa ya yi da sassafe ko bayan la'asar, ya lulluɓe durorin da jiƙaƙƙen buhu, don rana a kan hanyar fadama tana iya kashe su kafin a isa. In sun tafi ki kankare wurin, ki zuba toka, ki bar shi ya sha rana kwana biyu kafin ki mayar da itacenki. Sannan ki rubuto min in ji mudu nawa kike jiƙawa.